Batirin Prius da aka sake haɗawa ya koma kunna jar alwatika: me za a duba kafin a ƙara kashe kuɗi?

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka sau biyu, kuma bari in maimaita ta a taƙaice saboda masu irin motarka sun fara yawa a Damagaram. Ka ce Prius ce ta 2007, motar Toyota mai haɗa injin esansi da wutar batiri, babban batirinta ya gaji, ka kai wa wani mai gyara ya buɗe shi ya canza modil uku, wato ƙananan batiran da aka jera a cikinsa. Mota ta yi sati uku lafiya lau. Ran nan kana hanyar Mirya sai jar alwatika ta dawo a tablo, fankar baya tana ta kuwwa, sandunan caji na allo suna cika su zube cikin ɗan lokaci. An sa na'ura ta nuna lambar matsala P0A80. Mai gyaran ya auna modil ɗin ɗaya bayan ɗaya da mita, ya ga duk suna wajen bolt 7.8, sai ya ce batiri ba shi da laifi, kwamfutar batirin ce za a canza. Kana son sanin ko ka saye ta, ko kuwa cutarka aka yi.

Kada ka saye ta tukuna. Kwamfutar batiri tana lalacewa, na canza da hannuna, amma a cikin motocin da ke dawo mini da wannan lamba bayan an taɓa batirinsu, ita ce ta ƙarshe da nake zargi. Kuma ban ga alamar cuta a abin da ka faɗa ba. Abin da na gani shi ne awon da aka yi maka ba zai iya nuna ciwon ba ko da yana nan.

A cikin akwatin ƙarfen da ke bayan kujerar baya akwai modil 28 a jere, kowane nauyinsa kusan kilo 1. Kowane modil yana da ƙwaya 6 a ciki, kowace ƙwaya bolt 1.2, wato modil ɗaya 7.2, duka kuma 201.6. Irin batirin nikel ne, kuma sabon modil yana ɗaukar cajin milli-amper-awa 6500. An ɗaure su ne wutsiya da kai, saboda haka wutar da ta bi ta na farko ita ce za ta bi ta na ashirin da takwas, babu mai hutawa. Kwamfutar ba ta ganin su ɗaya-ɗaya. Biyu-biyu take dubansu, ana kiran kowane biyu bulok, wato bulok 14. Aikinta dare da rana shi ne kwatanta su. Idan ɗaya ya ware daga ƴan'uwansa ya daɗe a ware, sai ta rubuta P0A80, sau da yawa ta haɗa da wata lamba tsakanin P3011 da P3024, wadda ke faɗin bulok nawa ne: P3011 na farko, P3024 na goma sha huɗu.

To ga inda mita ke yaudarar mutane. Ka cika kwano da ruwa har baki, ka cika randa har baki. Wanda ya leƙa ta sama zai ce dukansu a cike suke, kuma bai yi ƙarya ba. Sai an fara ɗiba ake sanin kwano kwano ne. Mita a kan modil da ke zaune ba ya aiki leƙen bakin take yi. Modil da ya tsufa har abin da yake ɗauka ya koma 2000 zai nuna maka 7.8 ɗin nan daidai da wanda ke ɗaukar 5000. Amma idan ka taka mota za ka wuce babbar mota a kan kwalta, batirin yana ba da abin da ya kai amper 100, kuma a wannan daƙiƙar ƙaramin yake zubewa ƙasa ya bar sauran. Idan ka taka birki wuta ta dawo, shi ne kuma na farkon cika har ya tumbatsa. Sandunan da kake gani suna hawa da sauka da sauri labarin wannan suke ba ka. Abu ɗaya mita ke kamawa a zaune: modil da ƙwayarsa ɗaya ta mutu ɗungurungum, wanda zai nuna ƙasa da sauran da kusan 1.2, misali 6.5 a tsakiyar masu 7.7. Mai gyaranka ya nemi wannan bai samu ba, shi ya sa ya wanke batirin daga zargi.

Akwai kuma abin da ya kamata a gaya wa duk mai mota tun kafin a karɓi kuɗinsa. Da aka canza uku, ashirin da biyar ɗin da suka rage suna nan da shekarunsu. Sun sha zafin da ya kashe ukun farko tare da su, rana ɗaya aka haife su. Su ma ukun da aka sa, a kusan kowane hali, an ciro su ne daga wani tsohon batiri. Saboda haka dawowar jar alwatika bayan sati uku ko wata uku abu ne da aka saba gani a irin wannan gyara, ko mai gyaran mutumin kirki ne.

Kafin in shiga yadda za a bincika, ina roƙonka abu ɗaya don girman Allah. Kada ka buɗe akwatin nan da kanka, kada ka bar yaron gareji da bai saba ba ya buɗe. Wutar da ke ciki tana kisa, kuma ba ta ɗaukewa don an kashe mota. Duk waya mai launin ruwan goro a motar nan babbar wuta ce. Mai aiki yana kashe mota, ya cire kan ƙaramin batiri, ya sa safar roba ta masu wuta mai jure bolt 1000, ya zare filogin tsaro mai ruwan goro da ke gefen akwatin ya sa shi a aljihunsa, ya jira minti 10 kafin ya taɓa komai saboda wutar da ke kwance a inbata, na'urar da ke sarrafa wutar batiri, ta sauka. Ko bayan haka, zare filogin raba batirin gida biyu kawai yake yi, kuma babban ɓangaren ya haura bolt 100. Sai an kwance ƴan farantan jan ƙarfe da ke haɗa modil da modil na gefe ɗaya gaba ɗaya kafin hatsarin ya sauka. Zobe, agogo, carbi mai ƙarfe, duk a cire. Na taɓa ganin kile da ya faɗa tsakanin kawuna biyu, gefensa ya narke kamar an sa masa wutar walda.

Yawancin binciken ma ba ya buƙatar buɗe komai. Abu na farko, kada a goge lambar. A garejinmu an saba, da an ga wuta a tablo sai a goge ko a cire kan ƙaramin batiri a mayar, mota ta tashi, a ce an gyara. Lokacin da kwamfuta ta rubuta P0A80 tana ajiye hoton halin da batiri yake ciki a daidai wannan daƙiƙar: bolt na kowane bulok, zafin batiri, yawan wutar da ke fita. Wannan shi ne shaida mafi daraja da kake da ita, kuma gogewa tana tafiya da ita. Cire kan ƙaramin batiri yana sa kwamfuta ta manta lissafinta ta fara daga farko, mota ta yi kwana biyu kamar ta warke, ciwon yana nan. Ka nemi mai na'urar bincike da ke karanta motocin Toyota sosai, irin mai manhajar Techstream, ya buɗe maka wannan hoton, ka ɗauke shi da wayarka.

Sai ƙaramin batiri mai bolt 12 da ke kusurwar dama a kofur. Idan ya yi rauni kwamfutocin motar suna rubuta lambobin da ba su da tushe. Da safe kafin a tada mota ya kamata ya nuna 12.4 ko sama, idan mota ta nuna READY, alamar ta tashi, kuma ya hau wajen 14. Minti biyu ne aikin, a yi shi a wuce.

Yanzu ainihin gwajin. Ana samun ƴar na'ura da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari a wurin OBD2, tana magana da waya ta Bluetooth, sai a sa manhaja irin Dr. Prius ko Hybrid Assistant, su nuna maka bulok 14 ɗin a jere suna motsi. Ku fita ku biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da waya, kuma a ɗauki bidiyon allon domin ido ba ya iya bin lambobi goma sha huɗu a lokaci guda. Ni hanyar Tanut nake bi da sassafe bayan an fita gari, inda babu ƴan kabu-kabu da amalanke. A taka mai da ƙarfi daga tsaye har mota ta ɗauki gudu, sannan a saki a taka birki a hankali mai tsawo. A maimaita sau biyar ko shida. Idan an dawo a tsayar da bidiyon a wurin da wuta ta fi fita da wurin da ta fi shiga, a dubi tazarar da ke tsakanin bulok mafi sama da mafi ƙasa.

A batiri mai lafiya suna tafiya tare kamar garke, tazarar ba ta cika wuce 0.2 ko 0.3 ba. Idan ka ga bulok ɗaya shi ne mafi ƙasa lokacin taka mai, kuma shi ne dai mafi sama lokacin birki, to ko dai modil ɗinsa ya ƙanƙance, ko kuma akwai noti da bai ɗauru ba ko tsatsa a wurin. Idan bulok yana ƙasa da sauran da wajen 1.2 a kowane hali, taka mai ko birki, ƙwaya ce ta mutu a ciki. Idan kuwa lambar bulok tana tsalle ba tare da dalili ba, ko ɗaya ya yi ƙasa maƙwabcinsa ya yi sama da kusan adadi ɗaya, to ka bar modil ka koma kan siraran wayoyin awo, domin bulok biyu maƙwabta waya ɗaya suke rabawa a tsakaninsu, idan ta sami matsala sai ta rage wa wannan ta ƙara wa wancan. Manhajar tana nuna turjiyar kowane bulok ma. Yawanci suna wajen 0.02 na om, kuma wanda ya ware daga sauran shi ake sa wa ido. Idan ba bulok ɗaya ne ke warewa ba, yau wannan gobe wancan, uku ko huɗu suna karɓa-karɓa, batirin ne gaba ɗaya ya gaji.

Tunda an taɓa buɗe naka, zuciyata ta fi karkata ga noti da farantan jan ƙarfe kafin komai. Kowane kan modil yana da ɗan noti da ake ɗaurewa da kile mai lamba 8, kuma ƙa'idar ɗaurinsa niyuton-mita 5.4 ce, ɗauri mara ƙarfi sosai. Kawuna 56 ne. Wanda ke ɗaurewa da jin hannu, da la'asar, ya gaji, da wuya ya daidaita su duka. Idan ya matse da yawa kan modil ɗin yana tsagewa ko ya karye, ruwan ciki ya fara tsattsafowa. Idan ya bar shi sako-sako, lissafin mai sauƙi ne: turjiyar 0.01 na om kaɗai, idan amper 100 ta bi ta wurin, bolt 1 ya ɓace daga abin da kwamfuta ke gani, kuma zafin wat 100 ya taru a kan abu mai girman ƙwayar gyaɗa. Kwamfuta ba ta da hanyar bambance wannan da mataccen modil, P0A80 za ta rubuta.

A bazarar da ta wuce wani bawan Allah ya kawo mini irin motarka, an canza masa modil har sau biyu a wani wuri, kullum bulok ɗaya ke dawowa. Da na ɗaga murfin roba na gefen, sai na ga robar ruwan goro da ke riƙe farantan ta yi baƙi ta lanƙwashe a wuri ɗaya tak, kamar an ɗora mata garwashi. Na sa yatsa cikin safa na taɓa notin, ya juya ba tare da kile ba. Ƙarƙashinsa farantin ya yi tsanwa-tsanwa da farin gari kamar kanwa. Modil ɗin da ke wurin, wanda aka sayar masa, lafiyarsa lau. Mun jiƙa farantan duka a binega, muka goge su har jan ya fito, muka wanke muka shanya su sarai, muka sa sababbin notuna, muka ɗaure kowane da kile mai awo. Motar tana yawo har yanzu. Da ana samun farantai masu rufin nikel ma sun fi, don ba sa saurin yin wannan tsatsar.

Siraran wayoyin awo kuma, kowace tana da ɗan zobe a bakinta da ke shiga ƙarƙashin noti. Tsatsa tana cin wuyan zoben har ya rage gashi ɗaya ke riƙe da shi, sai a wajen kwancewa da mayarwa ya tsage ba a lura ba. Idan ta yanke gaba ɗaya mota tana rubuta P3030, amma idan tana taɓawa tana saki, sai ta yi ta ruɗa mutane. A bi su ɗaya-ɗaya da mita daga zobe har filogin da ke shiga kwamfutar batiri. A zare filogin nan a haska shi da tocila. Idan an ga tsanwa ko baƙin ƙuna a tsakanin ƙusoshinsa, a nan ne maganar mai gyaranka za ta zama gaskiya, a canza kwamfutar tare da wayoyin duka, kuma kada a jinkirta, domin wurin yana iya kama wuta. Idan ƙusoshin suna ƙyalli, kwamfutarka ta tsira, kuɗinka ma haka.

Wani kuskure da ke sa a canza modil mai lafiya a bar mara lafiya shi ne ƙirga bulok daga gefen da ba shi ba. Na'ura ta ce bulok na 4, mutum ya ƙirga daga ɗaya ƙarshen ya ciro na 11. Maganinsa kada a dogara da ƙirga kaɗai. A gwada kowane modil da kaya a kansa: ƙwan fitilar mota mai wat 55 yana jan wajen amper 3 a kan modil, a haɗa shi minti biyu, a rubuta bolt na farko da na ƙarshe a takarda, duka 28. Wanda ya fi sauran zubewa zai fito fili.

Ka ambaci kuwwar fanka, kuma wannan ya dame ni fiye da lambar kanta. Fankar tana da matakai shida, kuma idan batiri ya nuna matsala kwamfuta kan sa ta a na ƙarshe don kariya, saboda haka kuwwar na iya zama sakamakon lambar. Amma a garinmu zafi shi ne babban mai kashe batirin nan. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana a bakin kasuwar Dole da gilasai a rufe cikinta yana wuce 60. Batirin ba shi da ruwan sanyaya. Iskar cikin mota fanka ke ja ta wata ƴar taga da ke gefen dama na kujerar baya, ta hura ta tsakanin modil. Idan cikin mota tanda ne, iskar tanda ake hura masa. Shi ya sa mai kashe kilim don tsimin esansi a wannan mota yake biya ta wani gefen. Modil na tsakiyar jere su suka fi shan zafi, su ne kuma ke fara mutuwa, saboda haka masu haɗawa da hankali suna sa mafi ƙarfi a tsakiya, masu rauni a gefe.

Ga ƙurar hunturu kuma. Na taɓa ciro fankar wata mota da ke zirga-zirgar Magarya, fukafukanta sun cike da jar ƙasa da zare da gashi har sun zama kamar dunƙulen auduga, tana juyawa tana ƙara amma ko takarda ba ta ɗagawa. Buroshin haƙori da iska muka sa muka fitar da abin da ya cika tafin hannu. A duba taka. A duba ko an mayar da bututun iska duka a mazauninsu bayan gyaran, domin idan ɗaya ya goce iska tana zuba a kofur ne batiri yana dahuwa. A duba ƴan na'urorin awon zafi guda uku da ake maƙalawa a jikin modil, sau da yawa ana mantawa a bar ɗaya yana lilo, yana gaya wa kwamfuta sanyi alhali modil na ci da wuta. A manhajar wayar za ka ga zafin ukun. Ni idan na ga sun doshi 50 a tafiyar gari, hankalina ba ya kwanciya. Kuma a gaya wa iyali kada a jingina jaka ko a rataya mayafi a kan tagar nan.

Idan duk wannan ya fita lafiya, noti daidai, wayoyi daidai, iska na wucewa, to magana ta koma kan modil, kuma a nan ake gane wanda ya sake haɗa batiri da wanda ya yi masa faci. Haɗawa ta gaskiya sai an san abin da kowane modil ke ɗauka. Ana cika shi da ƙaramar caja mai lissafi, a sauke shi a hankali har bolt 6, a rubuta milli-amper-awa nawa ya bayar, a maimaita sau biyu ko uku domin wasu suna farfaɗowa kaɗan. Ana yin haka suna matse a cikin maƙallansu, domin modil da aka yi wa caji a sake kumbura yake yi kamar burodi, kuma ya lalace ke nan. Sannan a cika su a bar su sati guda a sake aunawa, a ga wanda ke zubar da wutarsa shi kaɗai a zaune. Aiki ne na kwanaki da yawa, ga ɗaukewar kuran da ke katse shi a tsakiya, shi ya sa mutane ke tsallake shi. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna. Ashirin da takwas masu 4500 duka sun fi amfani a kan cakuɗen masu 6000 da masu 2500, domin mafi ƙanƙanta shi ke yanke wa kowa iyaka. A wurina wanda ya gaza 4000 ba na mayar da shi motar da za ta yi bazara a Damagaram.

Wasu suna haɗa kawunan modil duka da waya ɗaya su kwana, da safe su ga bolt ya zama ɗaya su ce sun daidaita. Bolt ɗin ya daidaita, cikin bai daidaita ba, domin batirin nikel yana nuna kusan bolt ɗaya a faɗin tsakiyar cajinsa. Daidaitawar da ke aiki ita ce a cika batirin gaba ɗaya da caja ta musamman mai ƴar ƙaramar wuta, wajen amper 0.35, a bar shi sa'o'i masu yawa har na baya su cim ma na gaba, fanka tana hurawa duk tsawon lokacin. A nan da dare nake yin sa. Motar da kanta ba ta yin wannan, tana riƙe caji ne tsakanin kashi 40 da 80 cikin ɗari, ba ta taɓa cika shi.

Ka sa ido kan wata lamba, P0AA6. Tana nufin babbar wuta ta sami hanya zuwa jikin mota. Bayan gyara yawanci ruwan modil ne ya tsattsafo ya gangara ƙasan akwati, ko an sa doguwar ƙusa a ƙasan modil ta huda shi. Sau da yawa mota tana ci gaba da tafiya, amma da ka kashe ta sai ta ƙi komawa READY. Ruwan nan yana cin fata, idan ya taɓa mutum a wanke da ruwa mai yawa. Idan kuma bayan an gama aiki mota ta ƙi tashi da lambar P0A0D, filogin tsaron ne ba a kulle ba, ana tura shi, a ɗaga hannunsa, sannan a zame hannun ƙasa har ya ce ƙas.

Game da abin da za ka yi da kuɗinka, ga ra'ayina. Idan gwajin hanya ya nuna bulok ɗaya ne, kuma noti ko waya ce, gyara ne na yini ɗaya, kuma haƙƙin mai gyaran ne ya yi maka shi. Idan modil ɗaya ne daga cikin tsofaffin, za a iya canza shi da wanda aka auna ya yi daidai da sauran, amma ka sani lokaci kake saye, wata shida ko shekara, wani zai biyo baya. Idan da yawa ne ke karɓa-karɓa, ka daina zuba kuɗi a facin nan. Ka nemi jere guda cikakke, 28 da suka fito daga mota ɗaya mai ƙarancin shekaru wadda hatsari ya tsayar. Modil na Prius ta 2010 zuwa 2015 suna shiga akwatin taka. Wajen masu kayan mota a Kano ake fi samu, amma kada ka biya sai an nuna maka awonsu da kaya a kai, kuma ka dubi lambobin da aka buga a saman kowane modil, idan jeren mota ɗaya ne za su yi kama da juna, idan tsintar kasuwa ce za ka ga sun bambanta.

Shi kuwa mai gyaranka, ka koma masa da mutunci. Ka ce masa, "Maigida, mu fita tare mu gani a waya." Ka tambaye shi ko ya rubuta abin da kowane modil ke ɗauka, ko da kile mai awo ya ɗaure. Idan ya ce bai yi ba, ba abin faɗa ba ne, yawancinmu a kan motocin esansi muka koyi aiki, wannan sabon karatu ne ga kowa.

Kafin a gama binciken, ka rage doguwar tafiya, kada ka ɗauki hanyar Maraɗi ko Agadas da jar alwatika a kunne. Kada ka bar esansi ya ƙare maka, kuma idan injin ya ƙi tashi kada ka yi ta gwadawa, domin motar nan ba ta da sitata, babban batirin ne ke murza injin, idan ka ƙarar da shi babu turi ko jona waya da zai tada ta. Kada ka tsaya a N da kilim a kunne, a N batiri ba ya caji, kilim ɗin kuwa daga gare shi yake sha. Ka sa ta a P. Ka nemi inuwa duk inda za ka ajiye ta, ka buɗe ƙofofi zafi ya fita kafin ka tashi. Idan ka samu hoton da kwamfuta ta ajiye da bidiyon gwajin hanya, ka turo mini bolt na bulok 14 ɗin a lokacin taka mai da lokacin birki, da zafin na'urori ukun, in Allah ya so zan gaya maka wane murfi za a fara ɗagawa.